Jif mai turbo ko salun: Wacce ta fi dacewa da titin dusar ƙanƙara?

Da zarar watan Nuwamba ya kama a Kanada da arewacin Amurka, masu sha'awar motoci kan koma kan tsohuwar muhawararsu: wace mota ce ta fi dacewa da zirga-zirgar yau da kullum idan dusar ƙanƙara ta rufe titi? Wasu na bayan ƙananan jif-jif masu injin turbo irin su Honda CR-V da Mazda CX-5, wasu kuma sun kafe kan salun irin su Subaru WRX da Mazda3.

A kasuwa dai jif ta riga ta yi nasara. A 2017 Toyota RAV4 ta zarce Camry a yawan ciniki a Amurka. A Afrilun 2018 kamfanin Ford ya sanar da cewa zai daina sayar da kusan dukkan motocinsa na salun a Arewacin Amurka, kuma a ƙarshen 2024 aka daina ƙera Chevrolet Malibu. Sai dai yawan ciniki bai nuna wacce ta fi tsayawa da wuri a kan ƙanƙara ba.

Babbar hujjar masu jif ita ce tsayi daga ƙasa. Tsakanin cikin Subaru Outback da titi akwai kimanin santimita 22, Camry kuwa ba ta kai 15 ba. Ga wanda ke fita aiki da asuba kafin motar share dusar ƙanƙara ta biyo ta layinsu, wannan bambanci ne tsakanin isa ofis da maƙalewa a ƙofar gida.

Masu salun na cewa hakan kwana nawa ne a shekara? Mafi yawan ranakun hunturu a manyan birane an share titi, abin da ya rage shi ne santsi. A kan santsi kuwa motar da nauyinta ke kusa da ƙasa ta fi natsuwa a kwana, kuma mara nauyi ta fi sauƙin tsayarwa. Batun tura tayoyi huɗu ma, wato fowil, ba na jif kaɗai ba ne: WRX da shi take zuwa, Camry ma ta dawo da shi daga samfurin 2020.

Taya ta fi suna muhimmanci

Abin da muhawarar kan tsallake shi ne fowil na taimakawa ne wajen tashi da hawan tudu, ba ya ƙara komai wajen taka birki. Kowace mota da tayoyi huɗu take birki. Illar ma ita ce direban jif kan ji motarsa ta tashi ba tare da zamewa ba, sai ya ɗauka titin lafiya lau yake, ya ƙara wuta.

Robar tayar da aka saba amfani da ita tana fara taurara idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, riƙonta ya ragu. Tayar hunturu kuwa an haɗa robarta ne don ta ci gaba da laushi, ga ƙananan tsagogi da ke cizon ƙanƙara. Shi ya sa hukumomi suka fi damuwa da taya fiye da irin mota. Lardin Kubek na Kanada ya wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, ko da jif ce. A Jamus dokar ta danganta da yanayin titi, kuma tun Oktoban 2024 tayar da ke ɗauke da alamar dutse da dusar ƙanƙara ce kawai ake amincewa da ita.

Salun mai tura tayoyin gaba kaɗai, idan tana sanye da tayar hunturu, za ta riga jif mai tayar da aka saba tsayawa. Wannan kuwa a kuɗin da bai kai ko kusa da na sauya mota ba.

Turbo da sanyi

Turbo wata fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, tana cusa ƙarin iska cikin inji, sai ƙaramin inji ya ba da ƙarfin babba. Kamfanoni sun rungume shi ne saboda dokokin rage shan mai da hayaƙi. Yana da amfani sosai a wurare masu tudu kamar Denba, mai tsayin kusan mita 1,600, inda ƙarancin iska ke rage wa inji na yau da kullum ƙarfi.

Matsalarsa a hunturu tana cikin gajeruwar tafiya. Yawancin waɗannan injuna suna fesa fetur kai-tsaye cikin silinda. Idan inji na da sanyi, wani ɓangare na fetur ɗin ba ya ƙonewa, sai ya zurara ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Sai inji ya yi zafi sosai ne fetur ɗin ke ƙafewa. Wanda tafiyarsa ba ta wuce minti goma zuwa makarantar yara ya dawo ba, a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, injinsa ba ya kai wa wannan zafin.

Honda ta sha fama da wannan a injinta mai lita 1.5 da ke cikin CR-V ta 2017 da 2018. A 2018 ta janye motoci a Chaina domin gyara, sannan a Amurka da Kanada ta sabunta manhajar injin tare da tsawaita garanti. Injin iri ɗaya ne da wanda ke cikin wasu Civic, wato matsalar ba ta san jif ko salun ba.

Daga can zuwa Kwatano da Legas

Mai sayen mota a Kano ko Maraɗi ba shi da dusar ƙanƙara, amma muhawarar ta shafi aljihunsa, domin ɗimbin motocin tokumbo daga Amurka da Kanada suke fitowa. Tunda can an rage ƙera salun, nan da 'yan shekaru jif masu ƙaramin injin turbo za su ƙara yawa a wajen dillalai. Injuna ne da ba sa haƙuri da gurɓataccen baƙin mai ko jinkirin juye, kuma gyaran turbo ba aikin kowane bakanike ba ne.

Akwai kuma gishirin da ake watsawa a tituna don narkar da ƙanƙara. Motar da ta yi shekaru a Ontariyo ko Mishigan kan zo da fenti yana sheƙi, amma tsatsa ta ci ƙarƙashinta, musamman bututun birki da salansa da ƙarfen da ke riƙe da ƙafafuwa. Ba a ganin wannan daga tsaye, sai an hau da ita rami an haska da tocila kafin a biya kuɗi.