Ra'ayinmu: Mace a Gidan Yari da Raunin da Ta Shiga da Shi

Ikkilisiyoyinmu da yawa suna da al'adar ziyarar gidan yari, musamman lokacin Kirsimeti da Ista. Zumuntar mata sukan tara sabulu da gari da zannuwa, a je a yi waƙa, a yi wa'azin tuba, a dawo gida. Aiki ne mai kyau, muna kuwa gode wa masu yin sa. Amma binciken da masana suka yi a kan matan da ke tsare ya nuna wani abu da ya kamata ya canja yadda muke wannan hidima. Da yawa daga cikin matan nan sun shiga kurkuku ne da rauni a zuciya wanda ya girmi laifinsu, kuma macen da ke cikin tsoro ba ta fara warkewa sai ta sami wurin da ba za a ƙara cutar da ita ba.

A shekarar 1999 ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'a ta Amurka ya fitar da rahoto a kan fursunonin jihohin ƙasar. Mata 57 cikin 100 suka ce an taɓa dukansu ko an yi lalata da su da ƙarfi kafin a ɗaure su, maza kuwa 16 cikin 100 ne suka faɗi haka. A Ingila, mata shida suka mutu a kurkukun Styal tsakanin 2002 da 2003, abin da ya sa gwamnati ta ba Baroness Jean Corston aikin bincike. Rahotonta na 2007 ya nuna cewa maza ne suka tsara kurkuku domin maza, sa'an nan aka zuba mata a ciki, yawancinsu ba masu laifin tashin hankali ba, da yawa kuma uwaye ne masu ƙananan yara. Ta ba da shawara a kafa ƙananan cibiyoyi kusa da gida a maimakon manyan gidajen yari masu nisa. A duniya duka, mata da 'yan mata fiye da 700,000 ne ke tsare, adadin kuwa ya ƙaru da fiye da rabi tun shekarar 2000.

Mene ne wannan rauni? Wanda ya sha duka ko fyaɗe ko barazanar kisa, musamman tun yana yaro, jikinsa yakan zauna a shirye kamar masifar ba ta wuce ba. Barci ya ƙi zuwa, ƙarar ƙofa ta firgita shi, ƙaramar magana ta sa shi fushi ko ya yi shiru kamar dutse. Wasu sukan nemi sauƙi wajen ƙwaya ko giya, daga nan kuma sai sata ko dillancin ƙwaya su biyo baya. Ku duba rayuwar kurkuku ta wannan fuska: tsawa, kulle ƙofa, tuɓe mutum domin bincike, raba uwa da ɗanta. Abin da gandiroba zai kira taurin kai, sau da yawa tsohon tsoro ne ya farka.

Wata likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, Judith Herman, ta bayyana a littafinta na 1992 cewa warkewa tana da matakai uku, kuma a jere suke. Na fari, mutum ya sami tsaro da kwanciyar rai. Na biyu, ya iya tuna abin da ya faru, ya faɗe shi ga wanda ya amince da shi, ya yi makokinsa. Na uku, ya koma cuɗanya da jama'a. A kan irin wannan fahimta Stephanie Covington ta tsara darussa na musamman domin matan da ke tsare. An gwada su a wani kurkukun mata a jihar Kalifoniya da mata 115, aka buga sakamakon a 2010: waɗanda suka bi darussan sun fi rage shan ƙwaya, kuma waɗanda aka sake ɗaurewa a cikinsu a shekarar farko bayan sakinsu ba su kai na ɗaya rukunin yawa ba.

Hukumomi ma sun fara karɓar wannan. A watan Disamba 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ƙa'idojin Bangkok, guda 70. Sun ce a duba lafiyar mace ranar da ta shiga, har da cin zarafin da ta sha kafin kamu. Mata ne kaɗai za su binciki jikinta. Kada a sa mata ankwa tana naƙuda. Mai ciki da mai ƙananan yara a fi neman masu hukuncin da ba ɗauri ba idan laifin ya ba da hali. A Najeriya dokar 2019 ta mai da hukumar gidajen yari hukumar gyaran hali, ta kuma tanadi hukunci irin na aikin al'umma. Duk da haka mata kusan 2 ne cikin 100 na fursunonin ƙasar, saboda haka ana saurin mantawa da su. In ban da wurare kaɗan irin gidan yarin mata na Kirikiri a Legas, yawancinsu suna wani ɓangare ne na kurkukun maza. Kusan kashi biyu cikin uku na dukan waɗanda ke tsare kuwa jiran shari'a suke yi.

Wani dattijo zai ce, ashe ba muna wanke mai laifi ba ne? A'a. Wadda ta yi sata ta yi sata, wanda aka cuta kuma yana da hakkinsa. Sanin abin da ya sami mace ba ya soke hukuncinta, yana dai nuna mana hanyar da za ta hana ta komawa. Wanda ya ɗaure miki bai wanke ba, ruɓa ya ajiye.

Saboda haka muna roƙon majalisun dattawa da shugabannin zumuntar mata abubuwa huɗu.

Na ɗaya, kada a mai da macen da aka saki gidan da aka doke ta da sunan sulhu. A fara tambayarta inda za ta kwana babu tsoro. Idan gidan miji ko na iyaye shi ne tushen masifar, ikkilisiya ta nema mata masauki wajen wata uwa amintacciya, maganar sulhu ta jira.

Na biyu, kada a tsai da ita gaban jama'a ranar Lahadi ta ba da shaida kafin ta shirya. Labarinta nata ne. Kada kuma a matsa mata ta ce ta gafarta wa wanda ya cuce ta domin hankalinmu ya kwanta. Gafara da aka tilasta ba ta daɗewa.

Na uku, ziyara ta zama ta kowane wata, mata biyu ko uku waɗanda ba sa canjawa, masu iya sauraro da riƙon asiri. A tambayi ina 'ya'yanta suke, wa ke ciyar da su, ko suna makaranta. Inda aka ga alamar ciwon ya yi zurfi, kamar mai maganar kashe kanta, a haɗa da likita, addu'a da magani ba sa gaba da juna.

Na huɗu, a ware wani abu daga baiko domin lauya, da beli, da biyan ƙaramar tara, da jarin sana'a bayan fita. Mun san ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, aljihunmu kuma ba zurfi, amma majami'u biyar na gunduma ɗaya za su iya ɗaukar shari'ar mace ɗaya. Kada kuma a tambayi addininta kafin a taimake ta.

Wannan ba sabon aiki ba ne ga masu bi. A 1813 Elizabeth Fry ta shiga kurkukun Newgate a Landan ta tarar da mata da 'ya'yansu a cunkushe, ta fara da tufafi, daga baya makarantar yara da ɗinki, har dokar 1823 ta ce mata ne za su riƙa tsaron fursunoni mata. Mu da muka san zama 'yan tsiraru, muka san yadda ake ji idan ba mai tsaya wa mutum, bai kamata mu zama na ƙarshe wajen tuna matan nan ba. Muna roƙo kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana cikin taronta na wata mai zuwa, ta kuma naɗa matan da za su fara ziyara. Ubangiji ya taimake mu. Amin.