Ɗigo da Ja a Ranar da Waya Ta Mutu

Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a yi musu bayanin yadda gari ke zama idan waya ta ɗauke. A watan Mayun 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci, an rufe layukan salula a Borno, aka kwashe makonni ana aika saƙo a bakin direbobin mota. A 2021 aka fasa turakun lantarkin da ke kawo wuta daga Damaturu, cajin waya ya zama sana'a a bakin kasuwar Monday. Shi ya sa ba na yi wa masu riƙe da rubutun Morse, na ɗigo da ja, dariya. Tsohon abu ne, tun 1844 Samuel Morse ya aika saƙonsa ta tangarahu daga Washington zuwa Baltimore. Jiragen ruwa sun yi watsi da shi a 1999, kuma a 2003 hukumar sadarwa ta duniya ta cire shi daga sharuɗɗan lasisin rediyon 'yan sha'awa. Duk da haka masu sha'awar ba su saki ba, don sun san inda muryar mutum ta nutse cikin ƙugin rediyo, ɗigo da ja na ratsawa su isa. Batirin mota, ƙaramar na'urar watsa saƙo, igiyar waya a rataye tsakanin darbejiya biyu, da maɓalli guda da yatsa ke bugawa, sun isa a ji ka a wata nahiya. Gaskiya a Borno mallakar na'urar watsa saƙo na jawo zargi, dole sai da lasisi da sanin jami'an tsaro. Amma ina ganin Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat za su iya koya wa ɗaliban injiniya rubutun Morse a ƙarƙashin izini, kafin wata ambaliyar irin ta Alau a 2024.