Ƙungiyar Matasa Manoma a Ƙasar Kura

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Audu Bako, manomin Kura da Bunkure ya daina zaman rani. Shinkafa da alkama da tumatir ba sa yankewa. Amma abin takaici, yaron da ya tashi a bakin waɗannan magudanai yakan gama sakandare yana ɗaukar noman rani a matsayin aikin wanda bai yi boko ba.

Laifin kuwa ba nasa ba ne. A makarantu da dama Ƙungiyar Matasa Manoma ta zama ta sharar fili kawai, alhali tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Kadawa. Kamata ya yi a ba ƙungiyar fangali nata, ta shuka, ta sayar, ta riƙe lissafi. Tsutsar da ta cinye tumatirin Kano a 2016 ma darasi ce babba.

Ƙungiyar Hausa kuma ta bi tsofaffin masu lambu ta rubuta kalmomin ban-ruwa, irin su jigo da kwami, domin injin jawo ruwa ya riga ya kori jigo daga yawancin fadamu.