Idan kwale-kwalen masunci ya shiga aikin soja

A 1917 sojojin ruwan Amurka sun karɓi ɗaruruwan jirage masu inji daga hannun farar hula domin sintiri a gaɓar teku. Dabarar tana da arha, don haka za ta iya jan hankalin Ghana a yaƙinta da 'yan fashin teku. Sai dai a dokar yaƙi, jirgin da ya shiga aikin soja ya rasa kariyarsa, kuma daga nesa ba mai bambanta shi da na masunci. Masuntan Baga a Tafkin Chadi sun san illar zama abin zargi. Ranar da masuntan Jamestown da Chorkor suka ji tsoron fita, masu tuwo a Nima da Maamobi za su ji a farashin kifi.