A CIRE KUƊIN KAYA KAFIN A YANKA LANHO

Ya ku 'yan'uwa na rassan Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, a karanta wannan takarda a taron mako, kuma a gayyato masu gyaran kuran su ji da kunnensu.

An kafa NIGELEC a 1968, amma aikinta bakin kwantar yake tsayawa. Daga nan zuwa cikin ɗaki aikin mai gyara ne, ɗan talaka mai zaman kansa, wanda ba ya jiran albashin kowa. Shi ke ja waya a shagon tela, shi ke haɗa injin niƙa. Da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, wa aka nema ya tada inji ya kafa faifan hasken rana? Shi ne.

To, ga inda gizo ke saƙa. Dokar haraji ta 2012 ta raba masu biya gida biyu. Babban kamfani mai akawu yana cire kuɗin kaya, da haya, da albashi, sannan a yanka masa lanho a kan ribar da ta rage. Ƙaramin mai sana'a kuwa aka sa shi cikin harajin dunƙule, mai duban jimlar kuɗin da suka ratsa hannunsa.

Mu yi lissafi irin na lakwal. A ce mai gida ya ba shi jikka 100. Jikka 70 sun tafi ga waya, da bututu, da makunni, da ƙwan fitila. Jikka 10 na yaron da ke koyon aiki ne da man babur. Jikka 20 kaɗai suka shiga tukunyar iyalinsa. Ashe adalci ne a auna shi da 100? Haka lanhon kai na Nasara yake, ba ya tambayar abin da gona ta bayar.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya kansa ba. Wanda aka matsa, siririyar waya mai arha zai saya, ita kuwa idan ta yi zafi, rumfar kowa take ci.

Ba mu ƙi lanho ba, da shi ake gina lakwal da likita. Ma'aikatan haraji suna cewa ba a cire abin da ba a rubuta ba. Gaskiyarsu. Saboda haka ga aikin kowane reshe:

1. Kowane mai gyara ya karɓi faktir a kan duk abin da ya saya, ya adana.
2. Ya buɗe littafi mai shafi biyu, shiga da fita. Mu malaman lakwal za mu koya wa wanda bai iya ba, kyauta, bayan la'asar.
3. Masu gyara su haɗa ƙungiya, su kai kuka ofishin haraji da littattafansu a hannu, su nemi a cire musu kuɗin kaya, da kayan aiki, da ladan yaro.

Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Ku tashi, talakawa!