Daga Tuwat zuwa Gwarzo: Rabin labarin al-Maghili da ba a cika faɗa ba

Duk wanda ya karanta tarihin Kano ya san Shehu al-Maghili, malamin da ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya rubuta masa nasiha kan mulki. Ba a cika faɗin abin da ya baro a Tuwat ba, cikin saharar Aljeriya ta yau.

A garin Tamantit na Tuwat akwai Yahudawa maƙera da fatake da ke zaune bisa amana: su biya jiziya, a kare jininsu da dukiyarsu da ibadarsu. Al-Maghili ya ce sun warware amanar saboda kusancinsu da masu mulki, don haka a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin yankin, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi amincewa. Aka nemi fatawa daga Tilimsan da Fas da Tunis, malamai suka rabu: Ibn Zakri ya goyi bayan alƙali, al-Tanasi ya goyi bayan al-Maghili. Wajen 1492 aka rushe ginin, aka kashe mutane, saura suka watse.

Haka rayuwar Yahudawa ta kasance a biranen Musulmi, ba daidai suke da Musulmi a doka ba, kuma tsaronsu ya danganta da wanda ke riƙe da iko. A Masar, Musa bin Maimun ya zama likita a fadar Salahuddin. A Garnaɗa kuwa, a 1066, an kashe waziri Bayahude tare da jama'arsa.

Me ya haɗa wannan da Gwarzo da Kabo? Maguzawa. Masana da dama na ganin sunan daga Majusu yake, kuma da wannan hukunci na amana sarakunan Kano suka karɓi jiziya daga hannunsu. Jikokinsu na nan a ƙauyukan yammacin Kano, wasu sun musulunta, wasu Kirista ne, ana cin kasuwa ɗaya da su.

Yaron da aka koya wa sunan al-Maghili bai taɓa jin na al-Asnuni ba zai ɗauka rushewa ce kaɗai fatawar da aka bayar, alhali duka ɓangarorin Malikawa ne. Al-Wansharisi ya tattara fatawoyin a littafinsa al-Mi'iyar. Muna kira ga Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero ya mayar da su Hausa, su isa hannun malaman Islamiyya da na sakandare a Gwarzo da Kabo.