Laifin Ɗan Aike ko na Mai Aike?

A shekarar 2024 kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP, wadda ake haɗa kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira da kayan aikinta, kamar na neman fayil ko aika wasiƙa. Kowane kayan aiki yana da ɗan bayani: sunansa, amfaninsa, da abin da za a cika masa. Kwamfutar ba ta ganin cikinsa, bayanin nan take karantawa ta zaɓa.

Abin takaici, magina da yawa sukan ɓata watanni suna gini, sa'an nan su rubuta layi guda, wai "yana kawo bayanai". Waɗanne? Daga ina? In kwamfuta ta ruɗe ta share fayil ɗin mutane, sai su ce wauta gare ta. Ai in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ma'aunin ba shi da wuya. A miƙa wa sabon akawu bayanin, kada a ƙara masa kalma. In ya gane lokacin ɗaukar kayan, da lokacin barinsa, da ɓarnar da zai iya jawowa, to, bayani ya yi. In kuwa ya tsaya tambaya, lalle a sake rubutu.